Farautar Macizai Ba Da Sanda Ba

Edita ya matsa mini lalle in rubuta wani abu a shafin Hausa na bana, ya ce kuma ya fi so ya zama a kan "aikin haukan nan" da na ke yi ran Asabar. To, da ya ke na san ba shi kaɗai ke kiransa haka ba, har masu dafa abinci da mai gadin ƙofa sun laƙaba mini suna Malam Na-macizai, na ga gara in yi bayani gaba ɗaya kowa ya ji, in huta da amsa tambaya ɗai ɗai a bakin ɗakin cin abinci.

Abin da na ke yi shi ne, ina bin macizai, da damo, da guza, da hawainiya, da sauran danginsu masu jan ciki, in ɗauki hotonsu, in bar su nan inda na same su. Ba na kamawa, ba na kashewa, ba ni kuwa da wani asiri. Ban sha magani ba, ban gaji gardanci ba. In kububuwa ta sare ni yau, abin da zai sami ɗan kowa shi zai same ni. Kayan aikina ba su da yawa: kyamara mai dogon gilashi wanda ke jawo nesa kusa, da tocila biyu, da takalmin roba mai dogon wuya har gwiwa, da sanda mai lanƙwasa a baki don ɗaga dutse ko gungume, sai ɗan littafin aljihu da fensir. A cikin kayan nan duka, in an ce in zaɓi ɗaya in bar saura, takalmin zan zaɓa. Na biyunsa kuwa littafin ne, ba kyamarar ba.

Dalili shi ne, duk abin da na gani sai in rubuta rana, da wata, da lokaci, da wuri, da yadda gari ya ke, ko an yi ruwa jiya ko ba a yi ba. Da shekaru suka ɗan taru na zauna na jera shafuffukan, sai na ga ashe maciji ba yawon banza ya ke yi ba. Yana da lokacin fita da lokacin ɓuya, da lokacin neman mace, da lokacin da ya ke kwance ba ya ko cin abinci. Watau yana da kalanda tasa kamar yadda manomi ya ke da tasa. Abin da ya sa maganar ta wuce wasan Asabar kuwa, kalandar nan biyu sun faɗa kan juna. Watan da manomi ya fi sa hannu da ƙafa cikin ƙasa, shi ne watan da maciji ya fi motsi. Mu da mu ke zaune a ƙasan nan ta gangaren Filato, daga Shendam zuwa Langtang zuwa Wase har a gangara Binuwai, ba mu bukatar a ba mu labarin abin da wannan karo ke haifarwa. Da wuya a sami ɗaya cikin masu karanta wannan shafi wanda bai san gidan da aka yi makoki saboda sarar maciji ba.

Shekarar mai neman macizai ba daga Janairu ta ke farawa ba, daga bazara ne. Cikin watan Maris, sa'ad da zafi ya kai intaha, ƙasa ta yi fari fat, in ka fita da rana tsaka ba abin da za ka gani sai ƙadangaru, su ma suna laɓe a inuwar katanga. Maciji ba shi da zafin jiki na kansa kamar mu, daga rana da ƙasa ya ke aro, kuma ba ya gumi, saboda haka zafi mai tsanani kashe shi ya ke yi. Sai ya shige rami, ko suri, ko ƙarƙashin dutse, ya jira dare. A ƙarshen ranin nan ne kububuwa ke zuba ƙwai, daga 6 har zuwa wajen 20, don 'ya'yan su fito daidai da saukar ruwa, lokacin da abinci ya yawaita. Ɗan da ya fito bai fi tsawon yatsa da rabi ba, amma da dafinsa ya ke fitowa.

Ran da aka yi ruwan fari kuwa, wannan dare ba na yin barci da wuri. Duk wanda ke son ya ga daji ya farka, to, ya fita daren nan. Gara mai fiffike, wadda a ke kira shinge, ta kan fito ta rufe kowace fitila. Kwaɗi, waɗanda wata biyar ba wanda ya ji duriyarsu, su kan ɓullo su cika bakin hanya suna lasar shinge. Bayan kwaɗi kuwa sai masu cin kwaɗi. Na kan bi gefen kwalta sannu sannu da tocila, gama kwalta tana riƙe zafin rana har dare ya yi nisa, macizai kuma suna son su kwanta a kai su sha ɗumi. Wannan ɗabi'a tasu ita ke jawo musu hasara, don da safe in ka bi hanyar nan ta kasuwa sai ka ga waɗanda motoci suka take. Su ma na kan ɗauki hotonsu, in rubuta. Mataccen maciji ba ya kyau a hoto, amma yana gaya maka wane iri ke zaune a wurin.

A irin daren nan ne a kan ga wani ɗan baƙin maciji mai sheƙi, kansa ƙarami kamar wutsiyarsa, yana tafe sumul sumul kamar ba ya cutar kowa. Ku yi hankali da shi. A cikin ƙasa ya ke zaune, ruwa ne ke fito da shi. Fiƙarsa tana zamowa ta gefen baki ko bai buɗe bakin ba, ya soki mutum da ita ta baya, saboda haka ko gwanin da ya iya kama maciji ta wuya, in ya kama wannan sai ya sha suka a yatsa.

Amma sarauniyar wannan ƙasa tamu ita ce kububuwa, wadda waɗansu ke yi wa kirari gobe da nisa. Wanda bai taɓa ganinta ba ya kan zaci wata ƙatuwa ce. Ina! Yawancinsu ba su wuce ƙafa ɗaya da rabi ba, wadda ta kai ƙafa biyu ta girma ƙwarai. Launinta na ƙasa ne, ja-ja ko toka-toka, da ɗigo-ɗigo farare a jere a kowane gefe kamar idanu, kanta kuwa kamar ɗan goro, ya fi wuyanta faɗi, wuyan siriri. In ta kwanta cikin tsakuwa ko busasshen ganye, sai ka dube ta ka sake dubawa ba ka gan ta ba. Galibin macizai in sun ji takun mutum gudu su ke yi. Ita ba ta cika gudu ba. Sai ta nannaɗe jikinta, ta riƙa goga ɓawon gefenta da juna, ka ji wata ƙara shuuu, kamar an yayyafa ruwa a kan tanda mai zafi. Ba da baki ta ke wannan ƙara ba, da jiki ne. Wanda ya ji ta sau ɗaya ba ya mantawa.

Ɗaukar hotonta aikin haƙuri ne. Na kan tsaya nesa da ita kamar taku huɗu, in durƙusa a hankali don gilashin ya yi daidai da idonta, gama hoton da aka ɗauka daga sama igiya kawai ya ke nunawa, wanda aka ɗauka daga ƙasa shi ke nuna dabba mai rai. Sa'an nan in yi shiru. Maciji ba shi da kunne a waje, motsin ƙasa ya ke ji ta muƙamuƙinsa, harshen nan kuwa mai rassa biyu da ya ke zarowa ba sara ya ke yi da shi ba, sansana iska ya ke yi. In ka daina motsi, bayan ɗan lokaci sai ta bar gogar jiki, ta sauke kai, ta zaro harshe sannu, ta komar. Nan ne hoto ya ke. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci sai gwiwa ta yi tsami. Yaron da ke riƙe mini tocila aikinsa ba kallon wadda na ke ɗauka ba ne, aikinsa duba bayana da gefena.

Yanzu ga abin da ya sa na ce hoton nan yana da amfani a aji. Akwai wani maciji a dajin nan wanda ba abin da ya ke ci sai ƙwan tsuntsu. Ya kan haɗiye ƙwai wanda ya fi kansa girma nesa, waɗansu ƙasusuwan bayansa masu tsini su fasa shi a maƙogwaro, ya shanye ruwan, ya amayar da ɓawon. Ba shi da dafi, haƙoransa ma kusan babu. To, wannan talaka, da ya ke ba shi da makami, sai ya ari rigar kububuwa. Zanensa ya yi kama da nata, in an tsorata shi kuwa sai ya nannaɗe ya goga jiki, ya yi ƙarar nan tata, har ya riƙa kai sara da baki wofi. Na daɗe ina neman hoton su biyun, da na samu sai na sa aka wanke su manya na kai aji, na jera su a allo. Da fari kowa ya ce abu ɗaya ne. Har wata ɗaliba ta rufe ido da littafi, ai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ce su matso, takarda ba ta sara. Kafin a buga ƙararrawa sai ga su suna gardama da juna, wannan na cewa dubi wuya, wancan na cewa dubi kan wannan bai fi jikinsa faɗi ba. A daji ba wanda zai tsaya ya dubi maciji minti goma. Tsoro ba ya barin ido ya yi aiki, ko dai a gudu ko a ɗauko sanda. A takarda kuwa yaro ya kan duba har ya gani.

Kada wani ya ɗauka ina koya wa yara su tsaya a gona suna auna wuyan maciji. A'a. A gona doka ɗaya ce, duk abin da ya nannaɗe yana ƙara, ja da baya. Amfanin hoton shi ne ya kashe waɗansu ƙaryace-ƙaryace da mu ke gado. An ce wai duk maciji mai faffaɗan kai shi ne mai dafi. To, mesa fa, mai kai kamar bakin mashi, wadda ba ta da dafi ko ɗigo? Kumurci da gamsheƙa fa, waɗanda in ba su fasa kai ba kansu sumul ya ke? An ce a dubi ƙwayar ido, in tsaye ta ke kamar ta kyanwa mai dafi ne. Mai haɗiyar ƙwan nan ma haka tasa ta ke, ta kumurci kuwa zagayayya ce kamar ta kaza. An ce kulɓa tana da dafin da ya fi na maciji. Ba ta da kome, baiwar Allah, ƙwari ta ke ci. Ba wata alama guda da ke raba masu dafi da marasa shi. Sai dai a san su ɗai ɗai, kamar yadda a ke sanin mutanen unguwa, kuma waɗanda ke kisa a ƙasan nan ba su da yawan da zai gagari ɗan aji huɗu.

Wata shekara, cikin watan Mayu, wani ɗalibina ya nemi izini ya tafi gida, ƙanensa ya taka kububuwa da magariba suna komowa daga huɗar doya. Da ya dawo bayan mako biyu, na kira shi na tambaye shi. Ya ce, "Malam, da fari ba wanda ya tsorata, don ƙafar ce kaɗai ta kumbura, yana magana, yana cin abinci. Aka ɗaure cinyar da igiya, aka tsattsaga wurin da reza, aka shafa magani." Kwana biyu ana haka. Ran na uku sai jini ya fara fita daga dasashinsa, tsagar da aka yi kuma ta ƙi tsayawa, har wani tsohon miki da ya warke ya buɗe. Sa'an nan aka nemi babur. Yaron ya rayu, amma sai da aka ƙara masa jini, uban kuwa ya sayar da bijimin huɗarsa a tsakiyar damina. Na tambayi ɗalibin nan me ya hana a tafi tun daren farko. Ya ce, "Ai Malam, mun ga kamar da sauƙi."

Wannan "da sauƙi" ita ce makircin kububuwa. Dafinta ba ya kayar da mutum nan take. Shiga jini ya ke yi ya cinye abin da ke sa jini ya daskare, mutum yana zaune yana hira alhali jininsa ya zama kamar ruwa, sai ya tsiyaya ta ciki, wani har cikin ƙwaƙwalwa. Likitoci sun ƙiyasta cikin mutum goma da ta sara ba su sami allura ba, ɗaya ko biyu su kan mutu. A shekarun 1970 wani likita Bature, David Warrell, wanda ya yi aiki a Zariya, shi da abokan aikinsa suka bayyana wata hanyar gwaji mai sauƙi wadda har yanzu a ke amfani da ita a ƙasashe da yawa. A ɗebi jinin wanda aka sara kaɗan, a zuba a kwalba mai tsabta busasshiya, a ajiye minti 20, sa'an nan a karkata ta. In ya daskare, madalla, a sake gwadawa an jima. In ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga, sai allura.

Allurar nan kuwa ita kaɗai ce makarin da aka tabbatar. Yadda a ke yin ta, a kan tatsi dafin maciji, a riƙa sa wa doki ko tunkiya kaɗan kaɗan har jininsu ya koyi yaƙi da shi, sa'an nan a tace abin yaƙin daga jinin. An yi waɗansu iri biyu musamman domin Nijeriya, masu suna EchiTAb, da dafin macizan ƙasan nan da aka kai Libaful ta Ingila. Ɗaya da jinin tumaki a ƙasar Birtaniya, ɗaya da jinin dawaki a Kosta Rika. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe, da na Zamko kusa da Langtang, sun yi suna wajen wannan aiki. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin jerin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, ta ce tana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara a duniya, a 2019 kuma ta ɗauki niyyar rage wannan da rabi kafin 2030. Ni dai ban ga yadda za a rage ba in labarin bai kai ƙauye ba, ban kuwa ga wanda zai kai shi ba in ba malamin firamare ba. Labarin ma gajere ne. Kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci da baƙin dutse. A cire zobe da munduwa tun kumburi bai zo ba, a kwantar da mutum, a tallafe ƙafar da itace kamar mai karaya don kada ta yi motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, ko da yana dariya. Kada kuma wani ya bi macijin don ya kashe a tafi da shi, sau da yawa a nan ne a ke samun sara ta biyu. In da mai waya a kusa, ya kuwa iya ɗaukar hotonsa daga nesa, ya isa.

Na yi nisa, bari in komo daji. Cikin marka, watan Agusta, ciyawa ta fi mutum tsawo, macizai suna nan da yawa amma ba ka ganinsu, ni ma ba na kutsawa inda ba na ganin ƙafata. Wannan lokacin hawainiya ne. Da rana neman ta wahala ce, amma da dare ta kan hau can ƙarshen siririn reshe ta yi barci, launinta ya koɗe ya yi fari-fari, in tocila ta haska ta sai ka hange ta kamar an rataye ɗan tsumma. Ta kan nannaɗe wutsiya kamar gammo, ta runtse ido. Hoto biyu ko uku na ke ɗauka in kashe wuta, don mai barci ne na tasa. Damo kuma a lokacin nan ya ke cin na shekara, ƙadandoniya, da gyare, da dodon koɗi, har kunama, yana tara kitse a jiki da gindin wutsiya, wanda da shi zai yi zaman rami wata da watanni in rani ya yi ba ci. Ba banza a ke ce masa sarkin haƙuri ba. Guza kuwa a bakin rafi, ba ta yarda a matsa, da ta hange ka sai tsundum. Hotunanta da na ke da su yawancinsu na wutsiya ne.

Da kaka aiki ya kan koma gona da gida. Ɓeraye sun bi hatsi, macizai sun bi ɓeraye. Kasa ta kan kwanta ƙarƙashin tarin gyaɗa ko karan dawa da aka sassare, gajeriya, mai kauri kamar damtse, ba ta motsi sai dai ta yi huci. Ita ba ta ƙwai, haihuwa ta ke yi, 'ya'ya 20 zuwa 40 a ciki ɗaya ba abin mamaki ba ne. Babu macijin da ya fi ta sauƙin ɗauka a hoto, don inda ka bar ta nan za ka same ta, amma tana da saurin kai sara ƙwarai in an matsa. Wanda zai ɗaga dami ya fara tura sanda. Kumurci shi kuwa gida ya ke zuwa, akurki da rumbu, neman ƙwai da 'yan tsaki da kwaɗi. Shi ne mai tsartuwa, yana iya watsa dafi a idon mutum daga nesa da taku biyu ko uku, ba ya kuwa cika kuskure. Ba na zuwa wurinsa sai da tabarau. In ya sami mutum a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan da nan, a yi ta wankewa, sa'an nan asibiti.

A nan ne na kan yi faɗa da mutane. Akwai wani maciji mai ruwan ƙasa ko baƙi, mai santsi, wanda ke zama a gidaje da rumbuna, ba shi da dafi, ba abin da ya ke yi sai shiga ramin ɓera ya cinye uwa da 'ya'ya. Kowace kaka sai an kira ni in zo in ga "mugun abin" da aka kashe a bayan ɗakin kwanan ɗalibai, in na zo in tarar da shi ne. Ba na ganin laifin wanda ya kashe kumurci a ɗakin da 'ya'yansa ke kwana, ni ma uba ne. Amma a kashe mai gadin rumbu, sa'an nan a tafi kasuwa sayen maganin ɓera, wannan ban san sunan da zan ba shi ba.

Hunturu shi ne lokacin hutun ƙafa da jin daɗin kyamara. Dare ya yi sanyi, ba mai fita. Da hantsi sai su fito bakin rami ko kan dutse su sha rana, jikinsu a mace, ba su da kuzarin gudu. Hazo kuma ya kan tace hasken rana ya yi laushi, launi ya fito sosai, sai dai ƙura maƙiyiyar kyamara ce, kullum a naɗe ta ke cikin zane. A lokacin nan na kan tsinci saɓa a jikin ƙaya ko bakin suri, in kawo aji. Ku duba ta da kyau, har wurin ido akwai, gama maciji ba shi da fatar ido, wani ɓawo ne mai haske ya rufe idon, shi ya sa ba ya ƙiftawa, in ya kusa saɓa kuwa idon ya kan yi shuɗi-shuɗi kamar mai yana.

Abin da ke ɓata mini hunturu shi ne ƙunar daji. Daga Disamba sai a yi ta cinna wuta don gafiya da zomo, shirwa na shawagi bisa hayaƙi suna cafke abin da ya tsere. Kashegari in ka bi toka, ga kunkuru ya ƙone cikin ƙoƙonsa, ga hawainiya ta ƙandare a reshe, don ita ba ta san sauri ba. Sa'an nan samari su bi ramummuka suna zura hannu har kafaɗa, sun manta ramin gafiya ba gafiya kaɗai ke kwana ciki ba. Ina da hotunan bayan wuta da yawa, su ne ban taɓa mannawa a allo ba.

Hutun rani ɗaya na je Yankari, wadda aka keɓe tun 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, don in ga kadoji a kogin Gaji. Suna kwance a yashi baki buɗe, ba don fushi ba, zafi su ke fitarwa. A 2011 masana suka nuna cewa kadan da ya fi yawa a Afirka ta Yamma iri ne dabam da na kogin Nilu, ko da ya ke an daɗe ana ɗaukarsu ɗaya. In kada da girmansa ya iya ɓoye wa masana asalinsa shekaru aru aru, ina ga 'yan ƙananan da ke ƙarƙashin duwatsun bayan filin ƙwallonmu?

Wannan ya kawo ni ga roƙon da na ke yi wa 'yan ajin ƙarshe, ku da za a rarraba ƙauyuka baɗi. A kwalejin nan muna da Tarok, da Goemai, da Ngas, da Jukun, da Tibi, da Fulani, Hausa ce ta haɗa mu. Kowannenku harshensa yana da sunan macizan nan, tsofaffinku kuma sun san inda su ke kwana da watan da su ke fita, sanin da ba ya cikin littafin kowa. Na keɓe shafi a bayan littafina ina tara sunayen, har yanzu rabinsa fari ne. Duk wanda ya kawo mini sunan kububuwa, da kasa, da kumurci da harshensu, zan ba shi hotunan ukun, da na mai haɗiyar ƙwai gyara, ya tafi da su makarantarsa.

Saura hoto ɗaya da na ke nema ban samu ba, watau mesa a kan ƙwanta. Ita ba kamar yawancin macizai ba ce da ke zubawa su tafi, ta kan nannaɗe ƙwan ta zauna gadi har su ƙyanƙyashe. Wani makiyayi ya kwatanta mini wani tsohon rami a gindin dutse, hayin rafi, ya ce bara ya gan ta a ciki, in Allah ya kai mu zan riƙa leƙawa. Mai son zuwa ya same ni a bakin ƙofa ran Asabar da ƙarfe shida na safe. Ya zo da takalmi mai rufe ƙafa da dogon wando. Mai silifa zai koma.